Naman Kwatance

Shekara talatin da shida Tsaf-Tsaf yana fawa, kuma in ka ba shi dama zai gaya maka cewa a cikinsu duka ko tsoka ɗaya ba ta taɓa yin wari a hannunsa ba. In ba ka ba shi damar ba ma zai gaya maka. Daga teburinsa ya samo sunan. Kafin ya ɗora nama sai ya wanke teburin sau biyu, na farko da ruwan zafi da sabulu, na biyu da zallar ruwa, sannan ya goge da farin tsumma, daga can ƙurya ya jawo zuwa gabansa, ba ya mayar da tsumman baya. Wuƙaƙensa huɗu, kowacce da ƙusarta a bango. Ƙuda ma in ya shigo rumfarsa sai ya yi ta shawagi ya rasa wurin sauka, ya haura rumfar gaba.

Rumfar gaban kuwa ta ƙanensa ce, Auta, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara biyar tsakaninsu. Auta wuƙarsa ɗaya tak. Da ita yake yanka, da ita yake ɓare lemo, da ita yake nuna wa baƙo hanyar fita kasuwa. Sai rana ta ɗaga yake zuwa, yana tafe yana gaisawa da kowa har da masu shara, ya watsa wa teburi ruwa sau ɗaya ya ce ai ya wanku. Amma je ka duba inda mata ke yin layi. Wajen Auta suke tsayawa, suna dariya, yana ƙara wa wannan ɗan kitse, yana tambayar waccan jikin mijinta. Sai layin ya yi tsawo ne masu sauri ke gangarowa wajen Tsaf-Tsaf, su karɓi nama mai kyau a hannun mutumin da ya sha mur.

Abin ba yau ya fara ba. Ubansu ma mahauci ne, kuma tare ya koya musu sana'ar a kan teburi ɗaya. Babban shi ke tashi da sassafe ya wasa wuƙaƙe, ya ɗebo ruwa, ya kankare katako. Ƙaramin shi ke zama a kan buhu yana ba abokan tsohon labari. In baƙi za su tafi sai su shafa kan Auta su ce, wannan yaro jininsa ya haɗu da mutane, ba a kwatanta shi da yayansa. In tsohon ya so yi wa Auta faɗa sai ya ce, kwatanta teburinka da na yayanka ka gani, amma yana faɗa yana danne dariya. Ko ta wace fuska aka juya kalmar kwatance, Tsaf-Tsaf ne ake ajiyewa a gefe don a auna Auta. Ya tsani kalmar nan tun bai fara gemu ba.

Kada a ce ba ya son ƙanensa, don yana sonsa. Tare suke ɗauko sa ɗaya daga mayanka kowace safiya su raba biyu, kuma firij ɗaya gare su, wani ƙato mai kanta uku a bayan rumfunan. Shekarar da Auta ya kwanta asibiti mako uku, Tsaf-Tsaf ne ya riƙe rumfuna biyu, ya kuma kankare teburin Auta har aka gano ashe fari ne. Sai dai so daban, abin da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro daban. Tsaf-Tsaf yana kishin ƙanensa, kishi irin na wanda ya yi aiki ya ga an tafa wa wanda ya zo kallo.

Abu ɗaya ne yake da shi wanda Auta bai da shi: 'ya mace. Auta 'ya'yansa huɗu duk maza, duk da bakin ubansu. Tsaf-Tsaf kuwa yana da wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsu, yake kiranta Mamana. Tun tana 'yar shekara tara, in an taso makaranta, takan zo ta zauna a kan benci tana kallon hannunsa. Wata rana ta tambaye shi me ke sa nama ya lalace. Ya ce sakaci. Bayan shekaru, da ta shiga jami'a tana karatun kimiyyar abinci, ta dawo ta ce masa ai wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Ya ce to su ɗin ma sakaci ke gayyato su. Ta yi dariya ta ce bai yi ƙarya ba, shi kuwa ya yi mako yana maimaita wa mutane cewa jami'a ta yarda da maganarsa.

Shekara biyu ta yi a ɗakin gwaji tana fama da abu ɗaya. Ranar da ta kawo musu shi kasuwa, ta zaro shi daga cikin wani littafi, ta ɗaga shi a rana. Fallen abu ne siriri, ana hango yatsunta ta cikinsa, da ɗan ruwan ɗorawa kamar ɓawon albasa, yana ƙamshin kanumfari.

"Leda ce?" in ji Auta.

"Kamar leda take, Baffa, amma ba roba ba ce. Da sitacin rogo na yi ta, na sa man kanumfari a ciki. In aka naɗe nama da ita, man yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a jikinsa. In an gama aka jefar, ƙasa za ta cinye ta cikin 'yan makonni. Ba za ta je ta toshe lambatun bayan kasuwa ba."

Tsaf-Tsaf ya wanke hannu kafin ya taɓa. Ya murza ta, ya shinshina, ya ja ta kaɗan ya ga ba ta yage ba. A zuciyarsa har ya gama jera nama a kan farin teburinsa, kowanne naɗe da ledar 'yarsa, layi ya bar rumfar Auta ya dawo inda ya kamata ya kasance tun farko.

Ta ce a ɗakin gwaji abin ya yi aiki, saura a gwada shi a kasuwa, inda ake buɗe firij sau ɗari a yini. Ranar Litinin ta zo da safar hannu da ɗan sikelinta. Daga cinyar san da suka ɗauko ta yanki tsoka ashirin da huɗu, nauyinsu ɗaya. Goma sha biyu ta naɗe da tata ledar, ta manna musu jan tef, ta jera a tire. Goma sha biyu ta ɗaure a farar ledar da kowa ke amfani da ita, ta manna musu shuɗin tef, ta jera a wani tiren. Sannan ta naɗe 'yan takardu biyu ta jefa a kofi, ta ce malamarta ta ce kada ta zaɓa da kanta, ƙuri'a za a yi. Ta fara miƙa wa ubanta, tunda shi ne babba.

Ya sa hannu ya ɗauka, ya warware. Shuɗi.

Auta ya karɓi jan tire baki har kunne. Tsaf-Tsaf ya dubi nasa, farar leda irin wadda yake ƙulla wa mutane nama da ita tun kafin a haife ta.

"To ni wannan me zan yi da shi?"

"Naka na kwatance ne, Baba."

Ya ɗago ya dube ta. Ita ba ta san abin da ta taka ba, sai ta ci gaba da bayani. Ta ce tiren biyu za su zauna gefe da gefe a kantar tsakiya. Kowace safiya kowa ya fito da nasa ya ajiye a teburi awa biyu, kamar naman sayarwa, sannan ya mayar. Duk bayan kwana biyu za ta zo ta ɗauki biyu daga nan biyu daga can, ta kai ɗakin gwaji ta ƙirga ƙwayoyin cutar da suka tsiro. Ba a sayarwa, ba a ci.

"Sai an ga yadda na farar leda ya lalace sannan za a san ko tawa ta yi wani abu. Shi ya sa nake roƙonka, Baba, kada ka yi musu komai. Ka bar su kawai."

"In bar nama ya lalace."

"Shi ne aikin."

"A teburina."

"Kwana goma sha biyu ne kawai, Baba."

Da a ce ita ta zaɓa, da ya san da wa zai yi fushi. To da hannunsa ya ɗauki takardar, kuma shi aka fara miƙa wa. Wannan ya fi komai ci masa rai. Ashe ko takarda aka naɗe aka jefa a kofi, Auta take so.

Auta kuwa abin nema ya samu. Washegari ya ajiye jan tiren a gaban teburi, inda kowa zai gani, ya mai da awa biyun nan wasan kwaikwayo. Yana ɗaga ƙunshi ɗaya yana nuna wa mata.

"Kun ga wannan? 'Yata ce ta ƙera. Leda ce mai maganin cuta, in kin gama ki jefa a tukunyar fure. 'Yar Baffa ke nan, kanta kamar na'ura."

'Yata. Tsaf-Tsaf yana jin kalmar daga inda yake tsaye, yana saran ƙashi da ƙarfin da ƙashin bai nema ba. Shi ya raka ta makaranta ranar farko. Shi ya zauna a bakin gadonta lokacin da ƙyanda ta kama ta. Auta me ya taɓa yi mata ban da sayen alewa? Ya tura shuɗin tirensa can ƙarshen teburi, bayan sikeli, ya juya masa baya.

A kwana na uku naman jan tef yana nan ja wur. Na shuɗi ya fara duhu a gefe, ruwa ya taru a ƙasan ledar. Auta ya leƙo ta saman katangar da ta raba su, ya ce, "Yaya, naka ya fara tsufa fa." Da wasa ya faɗa, kamar yadda yake faɗin komai, ya koma wajen masu sayensa ya manta. Tsaf-Tsaf bai manta ba. Ya yini da maganar, ya tafi da ita gida.

A safiyar kwana na huɗu ya riga kowa zuwa, kamar kullum. Ya buɗe firij, ya tsaya yana kallon tiren biyu. Bai taɓa na Auta ba, wannan kam a shaide shi, ko yatsa bai ɗora ba. Nasa ya ɗauko. Ya kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya, ya tsane ruwan da tsumma mai tsafta, ya matse lemon tsami a kofi ya barbaɗa gishiri, ya shafe kowace tsoka sama da ƙasa. Ya sa su a sabuwar leda, ya ɓamɓaro shuɗin tef a hankali ya manna a inda yake. Ya tura tiren can jikin bangon firij inda ƙanƙara ke taruwa. Awa biyun teburi kuma ta koma rabin awa, tunda Auta ba agogo yake dubawa ba. In ranar zuwan Mamana ce sai ya jawo tiren ya dawo da shi kusa da ɗan'uwansa.

Bai kira abin da yake yi ha'inci ba. Ce wa kansa ya yi ai kula da nama ne, kuma ba a taɓa kama mahauci da laifin kula da nama ba. Haka ya yi a kwana na biyar, da na shida, da na bakwai. Auta ya daina leƙowa, don babu abin tsokana.

A kwana na takwas Mamana ta zo da rana tsaka, ba da akwatin ƙanƙarar da take ɗaukar naman a ciki ba, da takarda ɗaya a hannu. Fuskarta kamar wadda ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ta tsaya tsakanin rumfunan biyu ta ce sakamakon kwana na huɗu da na shida ya fito.

"Babu bambanci. Na farar leda bai lalace ba. A na kwana shida ma ya ɗan fi nawa kyau."

Gaskiya ɗaya ce, Tsaf-Tsaf ya ji daɗi. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Ga shi a rubuce, da lambobi, daga jami'a: nasa ya fi na Auta. Shekara hamsin yana jiran wani ya rubuta wannan. Har ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga ta juya ta shiga rumfar Auta, ta zauna a kan bencin nan mai maiƙo, ta rufe fuska da takardar.

"Shekara biyu, Baffa," take cewa. "Malama ta ce in dai farar leda ta yi daidai da tawa, to tawa ba ta yin komai. Ta ce in ajiye kanumfari in sake sabon lale. Wata shekara ke nan, in ma sun bar ni. Ban san inda na yi kuskure ba. Na duba, na sake dubawa."

Auta ya sallami masu saye, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsuguna a gabanta yana yi mata fifita da kwali, yana cewa ta yi haƙuri, shi dai hancinsa ya gaya masa ledar nan tana aiki, takarda ce ta rikice. Tsaf-Tsaf yana tsaye da wuƙa a hannu. Ya gane abin da ya yi sarai. Amma ko a wannan lokacin, don a san irin ciwon da ke damunsa, wani ɓangare na zuciyarsa tambaya yake yi: me ya sa a bencin Auta za ta yi kuka, ga nawa a wanke?

Bai faɗa mata gaskiya ba ranar. Da yamma a gida ya zauna a tsakar gida yana juya cokali a kwano. Mai ɗakinsa, wadda ta shekara talatin tana karanta fuskarsa, ta ajiye masa ruwa ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa.

"Baban yara, lemon tsamina ƙafa ya yi?"

"Wane lemo?"

"Wanda na cika kwando da shi. Kullum da safe sai in ga ya ragu. Na zaci mura ke damunka, sai na ga ba ka tari." Ta gyara ɗankwalinta. "Yarinyar nan ta kira ni tana kuka. Ta ce naman da ya kamata ya ruɓe ya ƙi ruɓewa. Ni ban yi jami'a ba, amma na san mutum ɗaya a duniya da nama ke jin tsoron ruɓewa a gabansa."

Ya ce shi bai taɓa na Auta ba. Ta ce ba ta tambaye shi na Auta ba. Ya ce ai gyara ya yi. Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai, sannan ta ce, "Kai da ƙanenka kun tsufa, ku ƙarata. Amma 'yata ba igiyar da za ku ja ba ce. Gobe ka je ka gaya mata da bakinka, ko ni in gaya mata da nawa, kuma nawa ba zai yi maka daɗi ba."

Washegari, karo na farko tun rasuwar tsohonsu, Tsaf-Tsaf bai buɗe rumfa ba. Ya sa farar riga ya hau mota zuwa jami'a. Sai da ya tambayi mutum uku kafin ya sami ɗakin, a hawa na biyu, ƙarshen wani dogon baranda. Ɗaki ne mai farin tayil, da famfo biyu, da wata tanda mai ƙofar gilashi tana ƙugi a hankali. A kan dogon teburi an jera faranta na gilashi, kowanne da ledar tana bushewa a kansa. Ƙamshin kanumfari ya cika ko'ina. Mamana na tsaye ita kaɗai, ta sa bakin wata 'yar wuƙa a gefen faranti, tana ɗago fallen a hankali don kada ya yage. Ya tsaya a bakin ƙofa har ta gama, don ya san ba a yi wa mai riƙe da wuƙa magana.

"Baba? Lafiya? Wa ke rumfa?"

"Babu kowa. Zauna, Mamana."

Ya faɗa mata a tsaye, hularsa a hannu. Ya zaci za ta yi kuka, ko ta ɗaga murya, ya ma shirya wa hakan. Ba ta yi ko ɗaya ba. Sai ta jawo littafinta ta buɗe, ta cire murfin biro.

"Daga wace rana?"

"Ta huɗu."

"Kafin in zo ko bayan na tafi?"

"Kafin ki zo."

"Lemo nawa kake matsewa? Gishirin fa, cokali ko tafin hannu? Minti nawa suke yi a teburi?"

Yana amsawa tana rubutawa, ba ta ɗago ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Da ta gama ta rufe littafin, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ga kafaɗunta sun sauka. Ledarta ba ta mutu ba ke nan. Sai a lokacin ta dube shi.

"Me ya sa, Baba?"

"Ban iya tsayawa ina kallon nama yana lalacewa ba. Kin san ni."

"Na san ka. Shi ke nan dalilin?"

Ya juya hular a hannunsa. "Baffanki yana ta gaya wa mutane wai 'yarsa."

"Baba, jiya da na ce naka ya fi, na ga fuskarka."

Ya mayar da idonsa kan farantan. Ta ce sauran ledar da ke kan farantan nan za ta isa gwaji ɗaya, ɗaya tak, kuma za ta je ta gaya wa malamarta komai yau. Ya matso da sauri ya ce to a sake ba shi shuɗin. Ba ja yake nema ba, shuɗin dai. Ya ce wallahi ko kallonsu ba zai yi ba, ya ce ta sa masa sharaɗin da ta ga dama.

Ta girgiza kai. Ba da fushi ta yi maganar ba, shi ya sa ta fi shiga.

"A'a, Baba. Kwana uku za ka daure, a na huɗu hannunka zai fara ƙaiƙayi. Ba ni da wata ledar da zan sake gwada ka da ita. Duka biyun Baffa zan ba. Shi ya iya barin abu."

Haka aka yi. Ranar Litinin ta sake yanka ashirin da huɗu, ta sa tiren biyu a cikin wani akwatin ragar ƙarfe mai kwaɗo a kantar tsakiya, ta ba Auta ɗan makullin. Ba ta gaya wa Auta dalili ba, ce masa ta yi an sauya tsari, shi kuwa bai tambaya ba, ya rataya makullin a wuya yana taƙama. Kowace safiya Tsaf-Tsaf zai buɗe firij ya ɗauki namansa daga kantar sama, idonsa ya sauka a kan kwaɗon nan, ya rufe.

Kuma Auta ya yi aikin yadda ake so, abin haushin ke nan. Abin da aka yi ta yi masa faɗa a kai tun yana yaro, yau shi ake nema. Ya fito da tire biyu, ya ajiye, ya shiga hira, wayarsa ta yi ƙara bayan awa biyu, ya mayar. Ruwa ya taru a farar leda, ko a jikinsa. Naman ya yi duhu, ya koma toka-toka, ya fara yauƙi, Auta na gefe yana ba da labarin wani direba. Tsaf-Tsaf yana hangowa ta saman katanga, ya san ranar da kowace tsoka ta juya, ya san abin da za a yi mata da a hannunsa take. Sai ya sa hannayensa biyu a aljihu.

A kwana na goma sha biyu Mamana ta zo ɗaukar na ƙarshe. Ta sa safar hannu, ta buɗe na jan tef, ta duba, ta ga yana nan da kyansa, ta rufe. Sannan ta kwance na shuɗi. Warin ya tashi ya cika rumfar, ya tsallake katanga, ya bi layin mahauta har wajen masu kayan miya. Mata suka ja gyale suka toshe hanci. Auta ya yi baya yana tari yana dariya.

Mamana kuwa ta tsaya a kan ruɓaɓɓen naman nan fuskarta kamar an yi mata albishir. Rabon da ubanta ya ga wannan farin cikin a fuskarta tun tana ƙarama. Ta dubi jan, ta dubi shuɗin, idonta ya kawo ruwa.

"Ya ruɓe, Baffa. Dubi yadda ya ruɓe. Na gode, Baffa, Allah ya saka da alheri."

"Ni me na yi?" in ji Auta. "Ban yi komai ba fa."

"Shi ne ai."

Tsaf-Tsaf na tsaye a bayan farin teburinsa. Ya yi mata murna, har cikin ransa ya yi. Amma bai taɓa kishin wani abu na Auta ba, ko layin mata, ko dariyar tsohonsu, kamar yadda ya yi kishin warin nan. A teburinsa ya kamata ya tashi. An ba shi, da hannunsa ya ɗauka, kwana goma sha biyu kawai aka roƙe shi.

Wata dattijuwa da ta shekara ashirin tana sayen nama a wajensa ta matso, hannunta a kan hanci, ta ajiye jakarta a gefen teburi.

"Kai, wannan wari haka. Ko ba a faɗa ba na san ba daga wajenka ba ne, Tsaf-Tsaf."

Ya ɗauki wuƙa, ya jawo cinyar gabansa, bai dubi rumfar gaba ba.

"A'a, Hajiya," ya ce. "Ba nawa ba ne."